Ɗanyun Kwanukan Ilona

Tregear, Tasmania
Farkon Maris, 1998

Zuwa ga 'yata Marika,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin koma Melbourne lafiya, jirgin ruwa bai juya miki hanji ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta ƙi ni, da dabbobin dawa da suka cinye mini kabeji tas. Na buga miki waya har na gaji da jin na'urar nan taki mai cewa a bar saƙo. Ni ba na hira da akwati, shi ya sa na ɗauko biro.

Ranar da muka binne Ilona kin zo da takalmi mai tsini, kin tsaya can baya sai ka ce jana'izar maƙwabciya kika zo ba ta uwarki ba. Daga maƙabarta kika wuce kika danna kwado a rumfar tanderu, kika kama hanya tun shayi bai huce ba. Ban ce miki uffan ba, don ranar ba ta magana ba ce. Yau kam zan yi.

Kin san al'adarmu a garin nan. Wanda ya mutu ya bar aiki a hannu, mu muke ƙarasa masa. Uwarki ta bar kwanukan miya ɗanyu, su ne na ƙarshe da ta gina kafin ciwo ya kwantar da ita. Suna ɗakin wankina na baya, na lulluɓe su da jiƙaƙƙen tsumma, kullum da safe ina yayyafa musu ruwa kamar yadda ta ce in yi. A watan Afrilu za a ɗage dokar hana kunna wuta, tunda lokacin gobarar daji ya wuce. Daga nan zuwa saukar sanyi ne kaɗai damarmu. Kin san halin jiƙaƙƙen yumɓu, ruwan cikinsa ya daskare sau ɗaya, ya tsage, shi ke nan.

Abu biyu nake roƙo. Makullin rumfa, da kuma ke kanki, domin a toyin mamaci jininsa ne yake jefa itacen farko, Ilona kuwa ba ta da kowa sai ke. Ɗakinki na gidana yana nan, na ma wanke bargon.

Ki huta lafiya. Taki har kullum,
Noelene Pascoe

Melbourne
Tsakiyar Maris

Zuwa ga Anti Noelene,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta same ni, na gode da duk ɗawainiyar da kuka yi a lokacin rasuwa.

Gara in sanar da ke halin da ake ciki tun da wuri. Na ba dillali gidan da filin duka. Akwai wani mutum daga Sydney da yake son wurin, zai gina ɗakunan hutu na masu yawon buɗe ido. Ya ce rumfar da tanderun za a rushe su. Lauyana ya ba ni shawara kada a kunna wuta a filin kafin a kammala ciniki, saboda haka ba zan iya aiko da makulli ba. Zuwa kuma aiki ba zai bar ni ba.

Maganar kwanuka, ban ga abin wahala ba. Ki bar su su bushe, a kai Launceston a toya a tanderun lantarki. In ba haka ba, a mayar da su ramin yumɓu, ai daga can suka fito. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Ni ba magina ba ce, amma na girma a cikin laka, na san ana busar da kwano ne kafin a toya shi. Me ya sa kike jiƙa su?

Anti, ba na son in ɓata miki rai. Ku kun san Ilona, uwar gari. Ni ban san wannan matar a matsayin uwa ba sosai. A teburinki na ci abinci, ke kika yi mini kitso, ke kika zauna a kujerar iyaye ranar da aka ba ni kyauta a makaranta, ita tana can tana ciyar da wuta. Tanderun nan ya riga ya ci rabonsa a wurina.

Ina gaida Kawu Des da sauran jama'a.

Taki cikin girmamawa,
Marika Bodnar

Tregear
Ƙarshen Maris

'Yata Marika,

Ina gaishe ki, ina kuma gaida lauyanki, tunda da alama shi ya riƙe miki biro. "Taki cikin girmamawa"! Yarinyar da na cire wa ƙaya a ƙafa tana ihu har kare na taya ta. To, na karɓi girmamawar.

Gida naki ne, ba mai ƙwace miki. Amma ba zan bari ki sayar da abin da ba ki san ko mene ne ba. Kin yi wayo kin tarar da tanderu a tsaye ne, ba za ki tuna garin nan kafin shi ba. Ni na gani.

Da kamfani ya rufe ramin kuza, Tregear mutuwa ta yi a tsaye. Kowane mako sai ka ga mota an ɗaure katifa a kanta ta gangara dutse. Banki ya tafi, likita ya tafi, mai aski ma ya bi su. Mijina Clarrie, Allah ya jiƙansa, yakan zauna a baranda tun safe da takalmin aiki a ƙafarsa, ba inda za shi. Makaranta kuwa an riga an aiko cewa za a rufe ta, yara sun yi kaɗan.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwar bas, an shafe ta da fenti kala-kala, tana tari tana hawo dutse. Suka firfito, maza da gashi har kafaɗa, mata ba takalmi, yara buɗu-buɗu. Masu zane ne da masaƙa da masu sassaƙa, sun ji labarin garin da ake sayar da gida kuɗin tsohuwar mota. Muka sa musu suna 'Yan Gashi. A kantina na ɓoye sabulu mai tsada, daga baya na ga ban ma da dalili, ba saya za su yi ba. Ke kina cikin yaran nan, kina riƙe da siket ɗin wata doguwar mace mai magana kamar tana sara itace, Ilona ke nan. Ranar Litinin aka jera ku aka kai makaranta, malama ta ƙirga kawuna ta fashe da kuka. Ba a rufe makarantar ba, har yau tana nan.

Ilona ce ta gano farin yumɓu a bakin ramin kuza. Shekara da shekaru mazanmu suna zaginsa don yana kama musu takalmi, ita kuwa ta durƙusa ta ɗanɗana shi da harshe, ta ce, "Kuna zaune a kan arziki kuna hamma." Da za a rushe dogon bututun hayaƙin kamfani, ta je ta roƙi tubalin. Ita da 'Yan Gashi suka yi ta jigila a baro har suka gina tanderu a gangaren bayan gidanku.

Toyin farko abin dariya ne. Komai ya fashe. Mazanmu a mashaya suka samu abin hira, har da masu kwaikwayon maganarta. Rannan da yamma sai ga ta ta turo ƙofa, a lokacin da mace ba ta shiga ɓangaren maza, ta dangwara wani tsagaggen kofi a kan teburin mashayar, ta ce a zuba mata giya a ciki. Aka zuba, giya ta bi tsaga ta malale har kan wandon Des Hocking. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kun ga aikina. An ce a nan akwai mazan da suka yi shekaru suna narka kuza. Wanda ya san wuta ya zo ya nuna mini, wanda bai sani ba ya rufe mini baki."

Des ya duba wandonsa, ya ce, "Baiwar Allah, bututun tanderunki ne gajere, iska ba ta ja." Ta ce, "To me kake jira?" Washegari maza suka tafi da cebur, har da Clarrie. Marika, na rantse miki, ranar na ga mijina ya dawo gida baƙi ƙirin da toka yana fito, abin da rabona da ji tun rufe rami. Wannan matar ce ta dawo mini da shi, kuma ba zan manta ba har in bi shi.

A toyi na biyu aka kafa dokar nan ta rashin sa suna. Da aka buɗe tanderu kwanuka suka fito da wani irin sheƙi, kore-kore da ruwan zuma, daga tokar itacen turare da ta narke a jikinsu. Wani ya ce Ilona ta rubuta sunanta. Ta ce, "Sunan wa? Wanda ya haƙo, ko wadda ta gina, ko wanda ya faskara itace, ko waɗanda suka hana idonsu barci suna ciyar da wuta?" Tun daga ranar tambari ɗaya ake bugawa, hoton bututun nan, ko a kwano ko a bargo ko a bayan zane. Daga nan masu saye suka fara hawo dutse. 'Ya'yan mahaƙa suka koyi saƙa da gini, 'ya'yan 'Yan Gashi suka auri namu, yanzu ba mai iya rabe su.

Abin da kika faɗa game da ranar kyauta gaskiya ne, ban musa ba. Na yi mata faɗa a kai har muka yi mako ba ma gaisawa. Mace ce mai wuyar zama, ba ta iya cewa "yi haƙuri" da kowane harshe ba. Amma ban taɓa ganin mutum irinta ba, kuma ina kewarta har cikin ƙashina.

Kin tambayi dalilin jiƙa kwanuka. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa miki ba, wai kada a ce ta jawo ki da igiya. In kin zo za ki gani. Ganyen tuffa ya fara ja, safiya ta fara cizo.

Allah ya tsare mini ke.
Antinki,
Noelene

Melbourne
Afrilu

Anti,

Ina gaisuwa. Lauya bai ga wannan ba, ki kwantar da hankalinki.

Na karanta wasiƙarki a jirgin ƙasa, na yi dariya a kan wandon Kawu Des har mutane suka waiwayo. Ban taɓa jin labarin ba. Na kuma tuna fiton Kawu Clarrie. Ban ce ba ta yi abin kirki ba, Anti. Na san ta yi. Abin da yake ci mini rai ke nan, kowa yana da Ilonarsa, ni ce kawai ban samu ba.

Dokar rashin suna da kike yabo, bari in gaya miki yadda take a wurina. Da na shiga gidan bayan jana'iza na tsaya a gaban wata kanta cike da kwanuka, ina neman guda ɗaya da zan ce wannan hannun uwata ne. Duk tambari ɗaya a gefensu. Ko a nan ma ta narke cikin jama'a. Na fito hannu wofi, shi ne na sayi kwado.

Kin tuna abin da nake yi ina ƙarama? In ta jera ɗanyun kwanuka a kan katako, sai in lallaɓa in danna ƙaramin yatsana a gindin kowanne. So nake ta juyo, ko da duka ne. Ba ta taɓa ko ɗaga murya ba. Sai ta duba, ta ɗauki kwanon ta ci gaba da aikinta, kamar ƙuda ne ya sauka ya tashi. Ɓarna ma ban isa in yi mata ba. Da na bar garin na rantse ba kwanon Tregear da zai shiga ɗakina, kuma ban karya ba. In ta zo Melbourne da ƙunshi a jarida, da shi take komawa.

Mai sayen yana son a sa hannu a farkon Mayu. Ki daina wahalar da gwiwarki a kan tsumma da ruwa, don Allah. Ba na son asirai, na gaji da su.

Ki gaida kowa.
Marika

Tregear
Ƙarshen Afrilu

Marika,

Gaisuwa. Des ne. Ban iya wasiƙa ba, ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya saba da gatari.

Noelene ta karanta mini takardarki tana share hanci. Ita ta yi alkawarin yin shiru. Ni ban yi wa kowa ba, kuma ko Ilona tana raye ba ta isa ta rufe mini baki ba, mun gwada shekara da shekaru.

Kin ce ba ta kula da yatsanki ba. Ni nake loda tanderu, ni zan gaya miki. Kowane magini in ya ga lotsawa a ɗanyen kwano, yatsa yake jiƙawa ya shafe, aikin ƙiftawar ido ne. Ita ba ta taɓa shafe naki ba. Na taɓa ɗaukar ɗaya zan gyara, ta buge mini hannu da cokalin katako, ta ce, "Wa ya aike ka?"

Shekarar da kika tafi, toyin kaka, ina loda kwanukanta sai na ji gurbi a gindin kowanne. Na ce yarinyar nan tana Melbourne, wa ya yi wannan? Na leƙa rumfa na same ta tana danna nata ƙaramin yatsan, kwano bayan kwano, fuskar nan a murtuke kamar mai cika takardar haraji.

Ni na kai ƙararta, kuma ba na jin kunya, doka doka ce. Aka taru a zauren gari. Na miƙe na ce, "Jama'a, wadda ta kafa dokar rashin suna ita ce take sa alama a aikinta." Aka yi ta hayaniya. Bronwyn masaƙiya ta ce in haka ne ita ma gobe za ta saƙa sunanta a bargo da jan zare. Ilona tana zaune ta harɗe hannu. Da aka gaji aka ce ta yi magana, ta ce, "Ba alamata ba ce. Ta Marika ce. Ina riƙe mata ne kafin ta dawo. Wanda bai yarda ba ya cire kwanukana daga wuta."

Bronwyn ta ce, "Des, zauna, ka cika surutu." Na zauna. Ba a taɓa yi wa kowa wannan sassauci ba, kafin nan ko bayan nan. Duk garin nan, har yaran makaranta, in suka juya kwano suka ga gurbin sai su ce yatsan Marika. Ke kaɗai ce ba ki sani ba, don kin ƙi juya kwano. Da kin juya ɗaya a kantar nan da kika tsaya a gabanta, da ba ki yi asarar kuɗin kwado ba.

Yanzu maganar kwanukan ɗakin wankin Noelene. Su ba su da gurbi. Na je duba Ilona a asibiti, na ce, "Kin manta da yatsa a na ƙarshen nan." Ta ce, "Ban manta ba, tsohon banza. Na gaji da yi mata aikinta. Ku bar su da laushi, mai yatsa ta zo ta sa da kanta." Na ce in ba ta zo ba fa? Ta juya fuska bango, ta ce, "To sanyi ya ci."

Dalilin tsumma da ruwa ke nan. In an shigo da su kusa da murhu su bushe, yatsa ba zai shiga ba. In an bar su a ɗakin wanki sanyi ya fasa su. Shekaranjiya na ga farin raɓa a kan rufin motata. Noelene ta lulluɓa musu bargunan gadonta, har da wanda ta wanke miki, ita tana kwana da kwat. Tsohuwa ce mai taurin kai, ba za ta gaya miki ba.

Filin naki ne. In kin sayar ba zan zage ki ba, zan dai tsaya in ga mutumin Sydney ya ɗaga tubalin da na ɗora, in ga ko bayansa zai kai. Itace na faskare, ya bushe, yana jibge a bakin rumfa. Kwadonki kuwa na banza ne, da tsinken gashi zan buɗe shi. Ban taɓa ba. Uwarki ba ta shiga inda ba a buɗe mata ba, in ban da mashaya.

Shi ke nan. Ki ci abinci, ranar jana'iza na ga kin rame.

Kawunki,
Des Hocking

Melbourne
Farkon Mayu

Anti Noelene da Kawu Des,

Ina gaishe ku da kyau.

Akwai wani shago a nan da ke sayar da kayan Tregear, shekaru ina tsallaka titi don kada in bi ta gabansa. Jiya na shiga. Na yi ta juya kwanuka har mai shagon ta fara bin ni da ido. Na samu guda uku. Na sa ƙaramin yatsana a gurbin, ya ƙi shiga. Na manta yumɓu yana tsukewa a wuta. Nata yatsan ne, amma wuta ta mayar da shi daidai na yarinya 'yar shekara shida. A nan tsakiyar shagon na zauna a ƙasa, sai da matar ta kawo mini ruwa.

Na ce wa dillali ya dakata. Ban ce na fasa ba, kada Kawu ya fara yi mini baki.

Zan shigo jirgin ruwan ranar Juma'a, Kawu ya tarye ni a tasha in motarsa za ta yarda ta tashi. Makulli yana jakata. Anti, ki ɗauki bargo ɗaya ki rufa, don girman Allah, sauran ki bar musu. Kada ki bari su bushe.

Na yanke farcena.

'Yarku,
Marika